Ɗigo Huɗu a Bangon Malam Jatau

An ce wai a bangon barandar marigayi Malam Jatau magini akwai wasu ɗigo huɗu a jere, a layin simintin da ke tsakanin tayil, launinsu ya ɗan fi sauran duhu. 'Yarsa Turai ta sha ganinsu idan tana shara, ta ɗauka datti ne.

Da hannunsa ya manna tayil ɗin, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya. A gindin bangon matarsa Inna Kubura take jera tukwanen na'ana'a da ɗoɗɗoya. Da bayanta ya fara ciwo, sunkuyo ya gagare ta, sai ganyen ya soma ƙeƙashewa, abin da ya tsira kuma akuya ta kiwace. Turai ta sa kafinta ya yi kanta, don a kafa a bango a ɗora tukwanen.

Yayanta Ɗanlami ya tare ta. "Wallahi muddin ina raye ba mai huda bangon Baba! Tayil ɗaya ya tsage, wa zai mayar mana da shi?"

"To Yaya, bangon ne zai riƙa ba su ruwa?" in ji Turai. "Ka dubi Inna mana."

Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Rantsuwa ta riga ta fita, Inna kuma ta ƙi goyon bayan kowa, sai suka kai magana gun Sarkin Magina Tanimu, aminin mahaifinsu.

Tsohon ya zo ya saurari kowa, sannan ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da zobensa, kunnensa a jingine.

"Baba Tanimu, sallama kake yi wa bangon?" in ji Ɗanlami.

"Da ubanka nake gaisawa, ja'iri. Turai, ke mai shara, ba ki taɓa ganin wani tabo a nan ba?"

Ta nuna masa ɗigon nan huɗu, tana jin kunya. Ya zaro 'yar wuƙa ya kankare na farko, sai ga katako ya leƙo.

Ya ce, "A zamaninmu ba mu da injin huda bango. Inda muka san za a rataya wani abu, sai mu binne guntun katako tun siminti yana ɗanye. Ɗanlami, rantsuwarka tana nan daram, don ba za a huda bango ba. Turai, kantarki za ta hau, don ƙusa a katako za ta shiga. Jatau ya yanke hukuncin nan tun kafin ku yi faɗan, ni karanta muku kawai na yi."

Ɗanlami da kansa ya buga ƙusoshin, Turai tana riƙe da kantar. Da Inna Kubura ta matso da buta, sai aka ga tukwanen sun tsaya daidai hannunta, ba sunkuyo, ba ɗage.

Sarkin Magina ya ce, "Mai son ka da gaske, tun kana da ƙarfi yake auna ranar gajiyarka."

Inna ta shafa katakon da tafin hannunta. Ta ajiye butar a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki.