Yatsan da Ya Rantse da Shi

An yi wani mutum a nan Sabon Gari. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye kuma yana da 'ya'ya. Shagonsa a Chikaji yake, inda yake da injin fere ƙarfe. Idan haƙorin injin niƙa ya karye, aka zagaye kasuwa ba a samu irinsa ba, wurinsa ake zuwa. Ya duba, ya shafa da yatsa, ya ce a dawo bayan la'asar. In an dawo kuwa, sai a tarar da sabo kamar daga kamfani ya fito.

Allah ne ya ba shi wannan hannu, ya 'yan uwa, kuma da shi yake ciyar da mutum tara. Amma ya daɗe da mance Wanda ya ba shi. Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "Ba a yi ƙarfen da zai gagare ni ba."

Shekara biyu bayan rikicin Kaduna, lokacin da zukata ba su gama kwanciya ba, ya sayi tarkacen ƙarafa, a ciki ya tsinci wata tsohuwar libarba, ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi shida da ke juyawa. Duk ta yi tsatsa, irin harsashinta ma ya daɗe da ɓacewa. Mai hankali zai kai wa hukuma ya huta. Shi kuwa abin gwada gwaninta ya gani. Ya ƙudurta a ransa sai ta tashi.

Wata huɗu yana kanta. Aikin mutane ya taru, bai damu ba. Ya sake mata gida don ta ci wani irin harsashin, ya ɓata, ya sake, ya ɓata, ya sake. Irin wannan naci da a kan haddar Alƙur'ani ya yi shi, da tuni mun sha walima.

Akwai wani tsohon soja a Samaru, Baba Kefas, wanda ya yi aiki a ɗakin makamai kafin ya koma kiwon kaji. Ranar da ya kawo gyaran injinsa, mutumin ya ja shi bayan shago ya nuna masa abin da ya ƙera. Yabo yake jira.

Baba Kefas ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce, "Maigida, wannan ƙarfen ya gaji. Ba zai ɗauki harsashin kamfani ba."

Mutumin ya ce, "To ni zan ɗura nawa, Baba. In rage albarushin."

Tsohon ya ce, "Ragin ma da nasa haɗarin. In ya yi kaɗan, dalmar harsashin sai ta maƙale a cikin bututun bindigar. Duk ranar da ka ji ta yi tari maimakon ƙara, ka ajiye ta. In ka sake harbi a kai, hannunka ne zai tafi. Ni ba zan koya maka ba. Ka rabu da ita."

Ya ji? Ya ji sarai. Amma abin da ya shiga ransa shi ne an ce ba zai iya ba.

Ya ari ɗan sikelin awon zinariya wurin Madam Ronke, mai sayar da sarƙoƙi a kasuwar Sabon Gari, yana auna albarushi da shi yana ɗurawa a kwanson harsashi. Da ta zo karɓa ta ga baƙin gari a kai, sai ta gane. Ta ce, "Oga, sikelina na zinariya ne, ba na wahala ba. Ba ni abina." Ta tafi da shi. Nan ma ƙofar fita ce Allah ya buɗe masa. Bai fita ba. Ya ce idonsa ya fi sikeli, ya ci gaba da ɗuri da ka.

Baba Kefas bai yi shiru ba. Ya je Dogarawa ya sami wan mutumin, Malam Ridwan, ya gaya masa kome. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Ridwan ya tare ƙanensa, ya ce, "Ni na riƙe ka tun da mahaifinmu ya rasu, ban taɓa roƙonka kome ba. Yau ina roƙonka. Ka jefar da abin nan."

Mutumin ya ɗaga yatsansa manuni na dama, ya nuna sama, ya ce, "Wallahi tallahi, Yaya, gobe zan jefa ta a kogin Kubanni." Kashegari ya sake ɗaga yatsan, ya rantse cewa ta tafi da ruwa. Alhali tana nan naɗe a tsumma, a ƙarƙashin injinsa.

Ya 'yan uwa, wa ya yaudara? Malam Ridwan ya koma gida da sanyin zuciya. Amma Wanda aka nuna da yatsan, Shi ma ana ɓoye masa abu a tsumma?

Gwanintar da ba a gani ba tana damun mai girman kai. Bai yi wata guda ba ya fara kurari a gaban 'yan bangar unguwa, cewa yana da abin da ya fi bindigoginsu na adaka. Suka ce ya nuna. Wata Lahadi da hantsi, su biyar suka tafi wani ramin ɗibar ƙasa can gaba da Shika. Suka kafa gwangwani a kan tudu.

Ya harba na farko, gwangwani ya tashi. Ya harba na biyu, aka yi sowa. Da ya ja na uku, sai ta yi ɗan tari, ko ƙura ba ta tashi a tudun ba.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Oga, bindigar taka mura take yi?" Aka kwashe da dariya.

Ku saurara nan, don nan ne maganar take. Mutumin bai manta ba. Muryar Baba Kefas ta dawo masa tiryan-tiryan. Ya san abin da ke cikin bututun nan. Abin da ya rage masa shi ne ya sauke hannu ya ce, "Na yi kuskure a awo." Kalma biyar. Amma ya dubi bakunan da ke dariya, kalmomin suka yi masa nauyi. Ya cije leɓe, ya sa yatsan a kunamar bindigar, ya ja.

Bututun ya tsage. Da hayaƙi ya washe, masu dariya sun watse, kowa ya kama gabansa. Wani manomi ne ya ɗaure masa hannu da rawaninsa, ya ɗora shi a babur. Likitoci sun ceci ransa, amma babban yatsa da manuni na hannun dama sun tafi. Daga gadon asibiti aka wuce da shi kotu, ya yi shekara biyu a gidan yari. Aka sayar da injin. Mutum taran nan suka koma wuyan Malam Ridwan, wanda aka yi wa rantsuwar ƙarya.

Ya 'yan uwa, ba jahilci ne ya ci shi ba. Sau uku aka tare shi: soja ya tare shi, mai sikeli ta tare shi, wansa ya tare shi. Girman kai ne, da wasa da sunan Allah. Naci alheri ne in a kan gaskiya aka yi shi. In a kan son a ce ka iya ne, rami kake haƙa wa kanka. Wane ne a cikinmu yau ba shi da abin da ya naɗe a tsumma, ya rantse cewa ya jefar?

Makon jiya na yi sallar Azahar kusa da shi a sahu. Da muka zauna tahiya, kowa ya ɗaga manuninsa yana shaida babu abin bautawa sai Allah. Na ga hannunsa yana motsi a kan gwiwa, yana neman abin da zai ɗaga. Wallahi sai da na yi hawaye.

Allah ya karɓi tubarsa. Allah ya ba mu ikon cewa mun yi kuskure tun gaɓoɓinmu suna jikinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.