Abin da Inna Kulu ta so faɗa

Akwai wani mutum a Damagaram ana ce masa Habu. A shekarun fari, lokacin da rijiyoyin ƙauyen Dogo suka ƙafe, shanun gidansu suka yi ta mutuwa har saura 'yan kaɗan. A cikinsu har da wata jar saniya ta mahaifiyarsa, Inna Kulu.

Habu yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Kullum sai ya cika ganguna da ruwa a birni ya kai wa shanun can Dogo. Ran da motar ba ta je ba, ranar ba su sha ba.

Sai motar ta soma wani hali. A kan kwalta lafiya lau. Da an sauka hanya mai gargada sai ta yi tari, ta buga ƙara kamar bindiga, ta mutu.

Ya kai ta garejin Inusa makanike. Inusa ya ce wuta ce ba ta zuwa a kan lokacinta. Ya canza buji, filogin da ke kunna mai, ya gyara zaman delko, wato abin da ke raba wa inji wuta. Motar ta tashi sumul. Washegari ta mutu kafin ƙauyen Gouna, a hanyar Dogo.

"Inusa, gyara kake yi ko duba?" in ji Habu.

"To ni in yi yaya? A gabana ba ta ciwo. Motarka ta san likita!"

Ya canza bobin, abin da ke ƙara wa wutar inji ƙarfi. Ta sake mutuwa, har aka jawo ta da igiya.

Duk sanda Habu ya dawo gida yana huci, sai Inna Kulu ta matso. "Habu, motar nan, tun ranar da na..."

"Inna, don Allah! Zancen inji ne, ba na daka ba."

Bayan kwana biyu ta sake tare shi. "Ka dai buɗe mini murfin injin, ni ba na iyawa."

"Inusa da ya tsufa cikin baƙin mai ya kasa, sai ke?" Ya shuri takalmi ya fita.

Ran nan saƙo ya zo daga Dogo cewa jar saniya ta kwanta. Habu ya cika ganguna, ya tilasta wa Inusa shiga motar. Inna Kulu ta yafa mayafi ta hau, ta ce ko ya ƙi ko ya so sai ta ga saniyarta.

Suna shiga gargada motar ta buga ta mutu. Inusa ya ɗaga murfi yana tsaki. Tsohuwa ta sauko, ta ture shi, ta zura hannu can ƙasa bayan delko, ta jawo wata ƙaramar laya da mai ya baƙanta.

"Ni na ɗaura, ran da ka bar murfin a buɗe, don Allah ya tsare ka a hanya. Ban samu zare ba, na sa waya. Tun ranar take wannan tari."

Inusa ya leƙa. Wayar layar ta cinye robar siririyar wayar da ke zuwa delko. In mota ta girgiza sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta ta rikice.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?" in ji Inusa.

Ta dubi ɗanta.

Inusa ya naɗe wurin, motar ta tashi. Ba ta ƙara tari ba har Dogo. Sauran shanun suka sha. Jar saniya kuwa, sun tarar an riga an yanka ta da hantsi gudun kada ta yi mushe, ana fiɗa.

Inna Kulu ta miƙa wa Habu layar. "Sa a aljihu. Da ma kai na yi wa."

Darasi: In mutum ya buɗe baki, bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, balle uwar da ta haife ka. Sau da yawa abin da kake wahalar nema yana bakin wanda ka hana magana. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin cewa "na sani".