Dokin da Aka Ɗaure wa Baki

Ku gyara zama, ku ajiye gyaɗar nan tukuna, don labarin yau ba na dariya ba ne. In na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni dai na daɗe ina juya shi na kasa.

A wani gari can gabas da mu, Rafin Ƙirya, an yi wani tsoho mai suna Jatau wanda rayuwarsa duk a kan rawar doki ta ƙare. A garin nan, in an kai hatsi rumbu, masu dawaki kan fito filin bayan kasuwa, makaɗa su kafa ganguna, kowane doki ya taka rawa. Wanda ya fi, sai a ɗora masa jalala, wato mayafin sirdi mai ado. Sai dai suna da wata al'ada mai tsanani. Dokin da ya hangame baki a fili, cewa suke ƙarar ubangijinsa yake kaiwa. Nan take makaɗa za su kife gangunansu a ƙasa, mahayi ya sauka ya ja dokinsa gida da ƙafa. Gidan da aka kife wa ganga, har jikoki sai an yi musu gori.

Jatau ba a taɓa kife masa ganga ba. Dokinsa na ƙarshe, Bidi, tun yana duƙushi ya raine shi, ya koya masa taku da ragama kawai. Kafin ya kai ga sa masa linzami, ciwo ya kwantar da shi, idanu kuma suka tafi. A fili kuwa ba a shiga sai da linzami. Bidi ga kyau ga taku, amma da ƙarfe ya shiga bakinsa sai ya hangame, ya zaro harshe, yana kaɗa kai.

Jatau ya kira 'ya'yansa uku: Nomau maƙeri, Barau baduku, da autansu Cindo, wanda ya gaji hawa. Ya ce, "Ba na jin zan wuce kaka mai zuwa. Ido ya tafi, saura kunne. Ina so in ji an yi wa Bidi kiɗa daga farko har ƙarshe ba a kife ganga ba. Ba ni da sauran buri bayan wannan."

Nomau ya shiga maƙera. Kada ku ce mugu ne, don da sauƙi ya fara. Ya ƙera siririn linzami, Bidi ya hangame. Ya ƙera mai kauri mai santsi, Bidi ya hangame. Ya gwada na tagulla, ya gwada mai gaɓa a tsakiya, har ya naɗe wani da tsumma ya shafa masa zuma. Duk mai sauƙin da aka sa, doki ya buɗe baki, ya kuma watsar da taku, a ja shi hagu ya yi dama. Damina ta wuce Nomau yana gaban wuta, gonarsa ta cika da ciyawa, hannunsa duk ƙuna. Daga ƙarshe ya ƙera wani mai nauyi, mai dogon harshe da ke tokarar ganɗa, da zoben da ke kama haɓa. Da wannan kam Bidi ya bi umarni, taku ya dawo daidai kamar yadda tsoho ya koyar. Amma bakin ya fi da buɗewa.

Barau ya ɗauki nasa aikin. Ya zaɓi fatar akuya mai laushi, ya jeme ta da kansa, ya yanka maɗauri mai faɗin yatsa biyu wanda zai zagaye hanci da haɓa. Ya yi masa shafi da auduga ta ciki don kada ya goge fata, ya lulluɓe shi da tuntayen zare ja da kore, yadda duk mai kallo zai ɗauka ado ne. Idonsa har ruwa yake saboda ɗinki. Ranar da aka ɗaura, Bidi ya yunƙura zai buɗe baki, abu ya gagara. Ya sake yunƙurawa, ya gagara. Sai ya tsaya cik, gumi na tsatstsafo masa a wuya. Barau ya yi hamdala, ya ce magana ta ƙare.

Cindo shi ya hau. Doki mai irin wannan ƙarfe a baki, ga ɗauri a kai, ba kowa zai zauna a bayansa ba. Wajen kilisa ya kayar da Cindo har kafaɗarsa ta goce, aka gyara, ya koma kan sirdi bai gama warkewa ba. Ya lallashe shi da murya, ya bi shi da gwiwa, ya rage jan linzami iya yinsa, har doki ya saba da taka rawa a haka.

Ranar wasa aka ɗauko Jatau a kan jaki aka zaunar da shi gindin tsamiya. Ganga ta tashi, Bidi ya shiga fili. Ana tsakiyar rawa Cindo ya ji wata karkarwa tana biyo linzami zuwa tafin hannunsa. Ya sunkuya, ya ga kumfar bakin doki ta zama ja, tana ɗiga a kan tuntaye, tuntayen wajen bakin kuwa ja ne, ba mai ganewa daga nesa. Ya so ya sauka. Sai ya hango ubansa ya karkata kai yana sauraro, yana buga yatsa a gwiwa, yana murmushin da rabon a gani tun kafin ciwo. Cindo ya cije, ya ci gaba. Rawar kuwa da zamiya ake rufe ta, a sako doki a guje a ja shi lokaci guda ya tsaya a kan ƙafafun baya. Ya sako shi, ya ja.

Ba a kife ganga ba. Aka yi guɗa, aka ɗora wa Bidi jalala.

Tun a hanya gardama ta kaure. Nomau ya ce ba don ƙarfensa ba da babu taku. Barau ya ce ba don ɗaurinsa ba da tun a bugun farko an kife ganga. Cindo ya ce ƙarfe da fata ba sa hawan doki. Kowa na son a rataye jalala a ɗakinsa, kuma kowa gaskiya ya faɗa.

Da aka isa gida tsoho ya ce a kawo masa Bidi ya shafa. Ya lalubi goshi, ya gangaro hanci, yatsunsa suka ci karo da maɗauri a ƙarƙashin tuntaye. Ya kwance shi. Bakin ya saki, jini ya zubo masa har gwiwar hannu. Ya zura hannu a hankali. Harshe ya tsage ya kusa rabuwa biyu, ganɗa ta huje. Can ciki kuma, daidai inda kowane linzami ke zama, ya taɓo wani ɗan haƙori da ya fito a karkace, dasashin kewayensa ya kumbura ya yi tauri, ciwon da ya daɗe. Abin da mai cire haƙori zai fitar kafin shayi ya huce.

Jatau ya ce, "Wata nawa yana buɗe muku baki?"

Ya juyo da fuska wajensu.

"A cikinku wa ya taɓa leƙawa?"

Ni wannan wurin ne ke ƙona mini rai. Dabba ba ta da magana, iyakar abin da za ta iya ke nan, ta buɗe ta nuna. Mutum uku masu idanu, masu ƙaunarsa, kowa ya duƙufa a kan sana'arsa, sai makaho ne ya duba.

Aka yi magani, aka yi wanki da ruwan kanwa, aka dama kunun dusa. Bidi ya kai baki ga harawa ya janye, ya kai ga ruwa ya janye. Bakin ya ruɓe, ƙuda suka samu wurin zama. Haƙarƙari ya fito, har ya kai ga kwanciya a gindin turke, yana nishin da ake ji daga ɗakin tsoho. Jatau ya daina cin abinci shi ma. Kiɗan da ya roƙa ya ji shi, amma bai sake ambatarsa ba.

Wata safiya ya sa aka shimfiɗa jalala a gabansa, ya ɗora wuƙa a kai, ya kira su. Ya ce, "Ni na roƙa, nawa laifin ina ɗauke da shi zuwa kabari. Dokin nan a hutar da shi yau, ni ba ni da ido ba ni da hannu. Kun yi gardama a kan wanda ya fi aiki. Wanda ya fi, ya ɗauki jalala, ya ɗauki abin da ke kanta."

Nomau ya ce shi ƙarfe ya ƙera, kuma ƙarfe ba ya yanka sai an ja. Da bakin a buɗe yake, da doki ya kauce masa kamar yadda ya saba.

Barau ya ce shi fata ya ɗinka, mai laushi, har da auduga. Da linzamin mai sauƙi ne, da an shekara da ɗaurinsa ba a ga ɗigon jini ba.

Cindo ya ce shi an miƙa masa doki a shirye ne, bai ƙera ba, bai ɗinka ba. Ya ga jini, gaskiya ne, amma da ya sauka da an kife wa Baba ganga a kunnensa, kuma da su biyun ne za su fara tsine masa.

Rana ta ɗaga, jalala na shimfiɗe, doki na nishi, tsoho na jira, ba wanda ya miƙa hannu.

To, ku da kuka ji, a cikin Nomau da Barau da Cindo, wa ya fi cancanta ya ɗauki jalalar nan da wuƙar da ke kanta?