Inna Mai Ɓeraye da Ɓawon Ƙwayar Cuta

Akwai wata dattijuwa, jikokina, ana ce mata Inna Mai Ɓeraye. Shekara ashirin tana ciyar da fararen ɓeraye a wani ɗakin bincike mai sanyi. Da hantsi rana kan leƙo ta taga ta kwanta a kan kejinsu, sai ka gan su kamar auduga tana numfashi.

Sai aka kawo wani Dakta sabon jini. Aikinsa ya yi wa rabin ɓerayen allurar ɓawon ƙwayar cuta, wato fatar da take bari in ta mutu, a ga yadda yake kumbura ƙashi. Sauran rabin allurar ruwan gishiri kawai, su zauna lafiya a gwada da su. Digirinsa a kan aikin nan ya rataya.

Ran nan Inna ta tarar yana dafa kwalaben ruwan gishirin.

"Ɗana, a nan gasa su muke yi a tanda. Dafuwa tana kashe ƙwayar, amma ɓawon yana nan."

Ya yi dariya. "Inna, abin da ya mutu ai ya mutu. Ke dai ji da tsintsiyarki."

"To, malamin malamai."

Bayan sati biyu, ɓerayen da aka bari lafiya suka daina miƙewa su sha ruwa. Tafiya suke sannu-sannu kamar tsofaffi a layin asibiti. Inna ta yi ta kallonsu har ta ga kamar ita ce a ciki, gwiwarta na zogi. Ta sauko musu da ruwan ƙasa-ƙasa.

Dakta ya auna ƙafafu, duk sun kumbura, babu na gwadawa. Ashe ɓawon da ya rage a kwalaben ya bi ruwan gishirin. Ga wa'adin digiri saura wata biyu. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Inna, na kashe kaina."

"Ba ka mutu ba, kunya ce, ita ma tana warkewa. Tashi mu sake."

Suka sake, ya gama da ƙyar. Da ya zo ba ta haƙuri, sai ta ɗora masa wata gurguwar macen ɓera a tafin hannu.

"Ba ni ka yi wa ba. Ga ta nan."

Ya daɗe a tsaye, yana jin zuciyarta na bugawa a hannunsa.

Darasi: In ka raina na ƙasa da kai, sau da yawa marar baki ne ke shan wahalar. Ku tura wa masu karatun gidanku, su ji.