Sawu Mai Yatsu Huɗu a Bakin Ruwa

"Shekara talatin ina shimfiɗa dutse, ko kaza ba ta taɓa zamewa a kan aikina ba." Da wannan magana Gwani yake buɗe hira duk inda ya zauna. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka bar masa don a zauna lafiya. In hira ta yi daɗi sai ya zare takalmin hagu ya nuna ƙafarsa mai yatsu huɗu, ya ce wani dutse ne da ƙarti goma suka kasa ɗagawa ya cinye ɗayan. Bara ƙarti shida ne, amma dutsen nan yana ƙara nauyi duk shekara. Aiki kam ya iya daidai gwargwado. Ciwonsa ɗaya ne, a yabi wani a gabansa.

Wanda ya fi tsaya masa a rai kuwa shi ne ƙanensa, da ake kira Shiru saboda rashin surutunsa. Wata Hajiya mai otal ta ba Shiru aikin daɓen dutsen da ya kewaye wurin ninƙaya, ta ce in ya yi kyau shi za ta ba na sabon otal ɗin da take ginawa. Gwani ya ji labari, abinci ya daina masa daɗi. Kullum sai ya zo wai duba ƙanensa, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Shiru ya wanke dutsen tas, ya bar shi kwana uku. Ya manna leda a wani gefe, washegari ya ɗaga ya ga ba ta yi gumi ba, ya tabbata dutsen ya bushe har ciki. Sannan ya shafa wani mai da dutse ke shanyewa, wanda ke hana shi shan ruwa amma ya bar masa kaushinsa.

"To ina aikin?" in ji Gwani. "Ka shafa, ka shafa, dutse yana nan kamar tafin ƙafar kakarmu."

"Haka ake so, Yaya. Jiƙaƙƙiyar ƙafa ce za ta taka shi."

Hajiya ta zo, Shiru ya zuba ruwa a kan dutsen, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya ƙi shiga. Ta ce, "Kai, Malam Shiru, hannunka da albarka!" Gwani yana tsaye a wurin, ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari da tsakar rana, Shiru ya tafi sayen kaya bayan ya wanke daɓen da ke bakin matakalar fita daga ruwa. Gwani ya shigo da galan na man ƙyalli, irin wanda ake shafa wa daɓen falo. Nufinsa in Hajiya ta ga wurin yana walƙiya ta tambayi wa ya yi, sai ya yi gyaran murya. Ya tuɓe takalmansa don kada su ɓaci, ya lafta man har shafi biyu a kan dutsen da bai gama bushewa ba, ya ɗauki galansa ya sulale.

Ranar farko wurin ya yi ƙyalli kamar madubi. Rana ta biyu danshin da aka rufe a ƙasa ya taso, ya yi fari dabbare-dabbare kamar an zubar da koko. Rana ta uku mijin Hajiya ya fito daga ruwa ya taka wurin, sai ga ƙafafunsa a sama. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ya yi a hannu.

Hajiya ta kira Shiru, ranta a ɓace. Gwani ya biyo shi, wai ya ba da haƙuri.

"Ranki ya daɗe, wannan ba man da na shafa ba ne," in ji Shiru.

"To aljanu ne suka shafa? In baƙo ne ya fasa kai fa? Ka manta da maganar sabon otal."

Gwani ya girgiza kai cikin tausayi. "Hajiya, a yi masa afuwa, yaro ne. Na sha gaya masa ya riƙa tambayar manya. Ni da ƙafata ta taɓa taka wajen matakalar nan ma, da na hana. Bari ki ga inda ya yi kuskure."

Ya taka gaba da isa yana nuni da yatsa. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, sai ji aka yi tsundum! Shiru ya miƙa masa sandar kwashe ganye ya jawo shi. Ya fito yana tari, takalman suna can ƙarƙashin ruwa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya tana duban wani abu a gefen matakalar. Sawun ƙafa ne ya bushe cikin man, raɗau kamar an buga hatimi. Ta ƙirga yatsun da bakin makullin motarta.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Ta ɗago ta dubi ƙafar Gwani ta hagu, wadda yake ƙoƙarin ɓoyewa bayan ta dama. "Malam Gwani, ka ce ƙafarka ba ta taɓa zuwa nan ba. To ita kaɗai ta zo ta bar ka a gida?"

Kwana biyar Gwani ya yi a durƙushe yana kankare man, Shiru yana nuna masa inda ya tsallake.

Darasi: dutsen bakin ruwa ba ƙyalli yake bukata ba. Yana bukatar a bar shi ya bushe, a shafa masa man da ya dace da shi, a bar wa ƙafa abin kamawa. Haka kuma wanda yabon ɗan'uwansa ya hana shi sukuni har ya sa hannu a aikin da ba nasa ba, ya sani hassada ba ta iya share sawunta. In an yabi naka, ka taya shi murna, ka tambaye shi yadda ya yi.