Goyon Garin Kunu

Ranar da zan tafi Legas jegon 'yata Hansatu, wani ma'aikacin filin jirgi mai tsuke baki ya ɗora jakata a sikeli.

"Hajiya, kayanki sun yi nauyi. Cire wannan ƙullin."

"Garin kunun mai jego ne. In na bar shi, me zan kai mata?"

"Ba zai zauna a jaka ba, ba za ki riƙe a hannu ba, kuma ba a barin kaya a nan."

Ni da nake ja da dillalan hatsi tun rasuwar maigidana Malam, wannan ne zai ɗaure ni? Sai ga wata mata ta wuce da ƙaton yaro a bayanta.

"Ɗan nan, ita ba ka auna nata?"

"Abin da mace ta goya ba a auna shi. Doka ce."

"Komai nauyinsa?"

"Komai nauyinsa."

Na saɓa ƙullin a baya, na ɗaure tam da mayafina.

"Hajiya, wannan ai ba yaro ba ne."

"Kai ka faɗi dokar, mutane suna ji. Nawa ma ya fi nata ladabi, ba ya kuka, ba ya jiƙa muku kujera."

Ya miƙo mini tikitina bai ɗago kai ba. Har bakin jirgi ina jijjiga abina.