Malamin da Ya Sa Hannu Bai Karanta Ba

Akwai waɗansu malamai biyu a wata jami'a, ofishinsu ɗaya, Malam Istifanus da Malam Barnaba. A sashensu, ɗalibin shekarar ƙarshe shi ke zaɓen malamin da zai duba masa kundin bincike. Shugaban sashe kuma ba ya miƙa sunan malami don ƙarin girma sai ɗalibansa sun haye lafiya.

Istifanus yakan bi kundi shafi-shafi da jan biro, ya mayar wa ɗalibi har sau huɗu. Ɗalibai suna kuka da shi, amma kowace shekara gaban teburinsa suke layi. Barnaba yana gefe yana kallo, abin yana cinsa. Ko gaishe da Istifanus aka yi, sai ya juya kujera.

Barnaba ya tafi wurin shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, shi kaɗai ya yi boko a gidan nan? Tare aka ɗauke mu. Shi ɗalibai ashirin, ni uku?"

Shugaba ya ce, "Za ka iya da su?"

Ya ce, "Jan biro ne fa. Ni ma ina da shi."

Aka ɗebo goma aka ba shi. Da Istifanus yake miƙa masa kundayen ya ce, "Ɗan'uwa, ka lura da na Rifkatu. Babi na uku kwafowa ta yi, na ce ta sake."

Barnaba ya ce, "Riƙe shawararka, Malam. Yanzu ɗalibata ce."

Ya tara kundayen, ya sa hannu a kansu duka da yamma ɗaya, don ya riga Istifanus gamawa.

Ranar kare kundi aka gayyato wani farfesa daga wata jami'a. Ya buɗe na Rifkatu, ya karanta babi na uku, sa'an nan ya ce, "Wannan babi ni na rubuta shi shekara tara da suka wuce. Wa ya sa hannu a nan?"

Barnaba ya miƙe a gaban kowa. Rifkatu ta maimaita shekara, shi kuma aka cire sunansa daga masu ƙarin girma.

Ma'anar wannan misali ita ce, Barnaba layin da ke gaban teburin ɗan'uwansa ya gani, bai ga wahalar da ta tara layin ba. Wurin aikin da ake girmama gaskiya, mai gaskiya yakan zauna ya ba da ƙarfinsa, mai hassada kuwa asirinsa ba ya daɗewa. Ku da kuke koyarwa, da ku 'yan kwaya mawaƙan coci, da matan zumunta, kada in ji wani yana cewa don me aka ba wane. An yi maka gargaɗi, ka ƙi ji domin daga bakin wanda kake kishi ya fito. Ubangiji ba zai tambaye ka nawa aka ba ɗan'uwanka ba. Ukun da ke hannunka zai tambaya, ka karanta su?